Yadda ake karanta rajistar antibairos idan ta rubuto abin da ba ka gane ba

Wani malamin makaranta ya taɓa shigowa shagona da laftof a hammata, ko zama bai yi ba ya ce in yi mata fomat. Na tambaye shi dalili, sai ya buɗe ya nuna mini layi ɗaya: Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, a gefensa an rubuta Severe. Kwana biyu ya yi yana tsoron kunna ta. Da na buɗe layin sai na ga wani fayil ne da ɗansa ya sauke, tun kafin a taɓa shi manhajar tsaro ta cafke shi ta killace, yau kwana tara. Babu abin da ya samu kwamfutar. A makon nan kuma aka kawo mini wata wadda allonta ke nuna kore ko'ina, amma a can cikin rajista, wato littafin da antibairos ke rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, akwai wani layi mai lamba 5007 da ke nuna an hana antibairos leƙa faifan C gaba ɗaya. Wannan ce marar lafiyar.

Zan yi bayani a kan Microsoft Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows 10 da 11, don shi ne a kan yawancin kwamfutocin da ake kawo mini. Mai amfani da Avast ko Kaspersky ko ESET zai ga sunaye sun bambanta, amma tambayoyin da ake yi wa rajista guda uku ne ko'ina: me aka gani, a ina aka gan shi, me aka yi masa.

Abin da za ka tanada

Kwamfutar da kanta, da izinin admin a kanta, don wasu wuraren ba sa buɗuwa ga ƙaramin asusu. Caji cikakke, ko tabbacin wuta na aƙalla awa ɗaya. Waya mai data, don ɗaukar hoton allo da kuma bincike ba tare da ka yi amfani da kwamfutar da kake zargi ba. Biro da takarda. Idan filashi ne ya jawo maganar, ka ajiye shi kusa amma kada ka soka tukuna.

Mataki na 1: Kada ka danna komai, ɗauki hoto

Babban kuskuren sabon shiga shi ne gaggawar danna Remove ko Allow don jan rubutun ya ɓace. Allow ɗin nan ya fi haɗari, domin ka ce wa mai gadi ya ƙyale baƙon ke nan, kuma ba zai sake yi maka maganarsa ba. Ka fara ɗaukar hoton saƙon da wayarka yadda kowane harafi zai fito. Defender ba ya riƙe tarihin da yake nunawa a fili sai na mako biyu, bayan nan ya share. Hoton nan shi ne shaidarka.

Mataki na 2: Buɗe rajista ta farko

Danna Start, rubuta Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, sai Protection history. Za ka ga katuna jere. Danna kowanne, ka amsa Yes idan an nemi izini. Ka kwafi abubuwa huɗu a takarda: kwanan wata da lokaci, sunan da ke gaban Detected, abin da ke gaban Status, da abin da ke ƙarƙashin Affected items.

Kwanan watan nan ka dube shi da kyau. Mutane da yawa suna zuwa suna cewa bairos ya dawo, alhali tsohon kati ɗaya suke ta kallo kullum. Idan ranar ba ta canza ba, ba sabon kamu ba ne.

Mataki na 3: Fasa sunan gida-gida

Sunayen nan masu ban tsoro suna da tsari. Microsoft na bin salon da ƙungiyar masu binciken bairos ta CARO ta shimfiɗa tun 1991: nau'i, sai dandali, sai dangi, sai reshe, sai ɗan ƙari bayan alamar motsin rai. A Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, Trojan ne nau'i, Win32 na nufin manhajar Windows ce, Wacatac sunan dangi, B reshe, ml kuma ƙari.

Nau'in ne ya fi muhimmanci. Trojan mugu ne mai shigowa da kamar halastacciyar manhaja. PUA manhaja ce mai naci, irin wadda ke maƙalewa a bayan wata ta cika maka burauza da talla; abin haushi ce amma ba ta kai gobara ba. HackTool kayan fasa manhaja ne, kuma wanda na fi gani shi ne HackTool:Win32/AutoKMS, abin da ake kunna Windows ko Office na sata da shi. Worm, wato tsutsa, yana yaɗa kansa, galibi ta filashi. PWS ɓarawon kalmar sirri ne. Backdoor ƙofar baya ce da wani zai riƙa shigowa daga nesa. Ransom shi ne mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa. Virus kuwa, a wannan tsarin, yana nufin mai shiga cikin lafiyayyun manhajoji ya gurɓata su, kamar Sality da Ramnit. Behavior na nufin halin da abin ya nuna yayin da yake aiki ne ya jawo zargi.

Ƙarin nan na ml yana nufin na'urar koyo ce ta yi hasashe. Ba a ce an san fuskar ɓarawon ba, an ce dai tafiyarsa ta yi kama da ta ɓarayi. Sau da yawa hasashen daidai ne, amma a nan ne aka fi samun kamun kuskure, musamman a kan ƙananan manhajoji da ba su da sa hannun kamfani, ko aikin ɗalibi da ya haɗa da Python ya mayar da shi exe, wato fayil ɗin manhaja da ake dannawa ya tashi. Sauran kamfanoni ma suna da irin wannan: Kaspersky na sa HEUR a gaba, Avast na rubuta Win32:Malware-gen ko IDP.Generic, ESET na cewa a variant of. Kaspersky ma har yakan rubuta not-a-virus a gaban suna, ma'ana halastacciyar manhaja ce da mugu zai iya amfani da ita.

Kada ka ɓata lokaci kana neman sunan dangi a intanet. Shafukan da za su fara fito maka yawanci masu tallar wata manhajar gogewa ne, rubutu iri ɗaya suke liƙa wa kowane suna. Kalmar Severe ma kada ta kaɗa ka, matsayi ne da ake ba nau'in gaba ɗaya, ba ma'aunin ɓarnar da aka yi a kwamfutarka ba ne.

Mataki na 4: Karanta wurin da aka gan shi

A nan nake daɗewa, don adireshin fayil ya fi sunansa faɗin gaskiya.

Idan ka ga file:_C:\Users\sunanka\Downloads\ da sunan fayil, abu ne da aka sauke. Tambayar da za ka yi wa kanka, ko wa yaran gida, ita ce: an buɗe shi? Idan ba a buɗe ba kuma an killace shi, magana ta ƙare. Layin da ya fara da webfile yakan nuna har shafin da aka ɗauko shi, wanda ke taimakawa wajen gane wanda ya yi aikin.

Idan ka ga containerfile, sannan a tsakiyar adireshin akwai 'yar kibiya kamar wasa.zip->setup.exe, to mugun yana cikin ƙunshi ne, zip ko rar ko iso. Abin da ke cikin ƙunshi ba ya aiki sai an kwance. Sau da yawa antibairos ba ya iya zare ɗaya daga ciki ya bar saura, shi ya sa yake ta maimaita ƙorafi a kan fayil ɗaya. Ka je da kanka ka goge ƙunshin gaba ɗaya, ka zubar da kwandon shara.

Idan adireshin ya fara da wani harafi, E ko F ko G, filashi ne ko faifan waje. Wanda ya saba kai filashi shagon buga takardu ya san wannan: ka dawo gida ka tarar duk foldodinka sun zama shotkot. A rajista za ka ga fayil mai ƙarewa da lnk ko vbs, da suna irin Worm:VBS/Jenxcus ko Gamarue. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Bayan antibairos ya gama aikinsa, buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka sa harafin filashinka a madadin E. Kada ka danna shotkot ɗin ko ɗaya don ka ga abin da ke ciki, dannawar ce ke tayar da tsutsar.

Adireshi mai ɗauke da Cache a ƙarƙashin Chrome ko Edge yana nufin wani shafi da aka ziyarta ne ya bar tarkace. Share tarihin burauza tare da Cache ɗinta ya isa. Mai $Recycle.Bin kwandon shara ne. Mai System Volume Information ko HarddiskVolumeShadowCopy tsohon hoton faifai ne da Windows ke ajiyewa don komawa baya. Abin da ke ciki a daskare yake, amma ranar da ka yi System Restore zai iya dawowa. Ana share tsofaffin ta Disk Cleanup, Clean up system files, More Options, wanda zai bar maka na ƙarshe kawai.

Wuraren da ke sa in gyara zama su ne AppData\Roaming, AppData\Local\Temp, ProgramData, da foldar Startup, musamman idan sunan fayil ɗin tarkacen haruffa ne marasa ma'ana. Haka layin da ya fara da process, ko regkey, ko amsi. Waɗannan na nuna abin ya riga ya tashi ya yi aiki, ko ya kafa wa kansa hanyar tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Fayil mai suna svchost.exe a cikin C:\Windows\System32 ɗan gida ne. Mai irin sunan a cikin AppData kura ce da fatar akuya.

Mataki na 5: Duba abin da aka yi masa

Quarantined: an ɗauke shi an kulle inda ba zai iya motsi ba, kuma ana iya dawo da shi. Removed: an goge. Blocked: an tare shi. Action needed: ana jiran hukuncinka, kuma idan kana shakka ka zaɓi Quarantine, don ita ce ke da hanyar dawowa. Allowed: wani ya ba shi izini. Idan ba kai ba ne, ka shiga Allowed threats ka janye.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne Remediation incomplete, wato ba a kammala ba. Dalilan da na fi gani huɗu ne: an zare filashi kafin a gama, abin yana cikin ƙunshi, mai kwamfutar ya riga ya goge fayil ɗin da hannunsa, ko kuma fayil ɗin yana kan aiki an kasa taɓa shi. Ukun farko masu sauƙi ne. Na huɗun ne ke buƙatar mataki na 8. Hanyar bambancewa ita ce ka bi adireshin ka ga ko fayil ɗin yana nan, bayan ka kunna Hidden items a ƙarƙashin View.

Mataki na 6: Sauka rajista ta biyu

Katunan nan taƙaitawa ce kawai. Cikakken littafin mai gadi yana Event Viewer. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta eventvwr, ka bi Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, Windows Defender, Operational. Za ka ga ɗaruruwan layuka. Kada su tsorata ka, yawancinsu rahoton yau da kullum ne. Danna Filter Current Log a dama ka zuba lambobin da kake so.

1000 an fara bincike, 1001 an gama, 1002 an tsaya kafin a gama. Wannan 1002 yana zuwa da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, amma a wurinmu yawanci ɗauke wuta ne ko rufe murfin laftof. 1116 an ga abu, 1117 an ɗauki mataki, 1118 da 1119 an gwada an kasa. Kowane 1116 ka nemo masa 1117 ɗinsa a sama da shi. Wanda ba shi da abokin tafiya shi ne abin bincike. 2000 an sabunta bayanan gane bairos, 2001 an kasa. 5001 an kashe tsaron nan-take, 5000 an kunna. 5007 an canza saiti. 1123 na nufin an hana wata manhaja rubutu a foldar da aka kare, kuma sau da yawa halastacciyar manhaja ce ke son ajiye fayil a Documents.

A cikin 1116 akwai layi mai suna Process Name. Shi ne ke faɗa maka wanda ya taɓa fayil ɗin. Idan chrome.exe ne, saukewa aka yi. Idan explorer.exe ne, wani ya buɗe folda ko yana kwafa. Idan wscript.exe ne ko powershell.exe, kuma ba ka san da zamansu ba, akwai mai aiki a bayan fage.

5007 yana fitowa da yawa bayan kowane sabuntawa, mafi yawansu ba komai. Ka karanta New value. Idan ka ga kalmar Exclusions a ciki tare da wata folda, ka koma Windows Security ka je Manage settings, Exclusions, ka ga abin da aka keɓe. Masu haɗa manhajar sata sukan sa foldarsu a nan, wasu masu gyara ma suna yi don kada kwastoma ya dawo yana cewa Office ɗinsa ya mutu. Duk abin da ba ka san dalilinsa ba ka cire shi, sannan ka yi Full scan.

Wani abu da ya taɓa ruɗa ni: lokacin da ke cikin bayanin, idan ya ƙare da harafin Z, agogon UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya. A Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi sai ka ƙara awa ɗaya, a Ghana kuwa daidai yake. Na taɓa zargin yaron shagona da soka filashi kafin in iso, ashe ni ne na soka da hannuna ƙarfe tara, rajista ta rubuta takwas.

Lambobin kuskure kaɗan da ya kamata ka sani: 0x80508023 an je ɗauka ba a tarar da abin ba, 0x80070005 an hana izini, 0x80070020 wata manhaja na riƙe da fayil ɗin, 0x80072ee2 intanet ta yanke ko ta yi nauyi, 0x80072f8f kuma ka fara duba kwanan watan kwamfutar. Tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da batirin agogonsu ya mutu sukan koma shekarun baya, sai sabuntawa ta ƙi. Idan data ce matsalar, ana iya sauke fayil ɗin mpam-fe.exe daga shafin Microsoft a wata kwamfutar, a kawo a filashi mai tsabta a danna shi.

Wanda Event Viewer ya yi wa yawa zai iya buɗe PowerShell ya rubuta Get-MpThreatDetection, zai jero kamun da aka yi da lokutansu da adireshinsu.

Mataki na 7: Nemi shaida ta biyu

Idan kana ganin kamun kuskure ne, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Shafin VirusTotal, mallakar Google, yana gwada fayil da injunan tsaro kusan 70. Hanya mafi aminci ita ce ka ciro zanen yatsan fayil ɗin: a PowerShell ka rubuta Get-FileHash da adireshinsa, ka kwafi dogon layin SHA256 da ya fito, ka nema a shafin. Idan biyu ko uku ne suka yi ƙorafi, duk da sunaye na hasashe, kuma daga shafin kamfanin da ya yi manhajar ka sauke ta, akwai alamar kuskure ne. Idan talatin ne ko arba'in, babu sauran musu.

Gargaɗi biyu. Kada ka ɗora takardar sirri, ta ofis ko ta banki ko ta asibiti, domin abin da aka ɗora masu bincike na iya samunsa. Sannan sabon mugu da ya fito jiya zai iya wucewa babu wanda ya gane shi, don haka ka dubi ranar da aka fara ganin fayil ɗin.

Game da kirak, wato kayan fasa manhaja don a yi amfani da ita ba biya, kullum ana ce mini ai an san antibairos ba ya son su, ƙarya yake musu. Wani lokaci haka ne. Amma mai son raba ɓarawon kalmar sirri ya san cewa a nan ne mutane ke kashe tsaro da hannunsu, shi ya sa yake cusa shi a ciki. Ni ba na danna Allow a kan kirak a kwamfutar da ake shiga banki ko imel da ita.

Mataki na 8: Idan layi ɗaya yana ta dawowa da sabon kwanan wata

An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan. Akwai wani abu da ke sake haifar fayil ɗin. Ka lura da tazarar lokaci. Idan duk kunna kwamfuta ne, duba Startup a Task Manager, ka kuma rubuta shell:startup a akwatin Run, wanda maɓallin Windows tare da R ke buɗewa. Idan duk minti goma ne ko duk awa cif, buɗe Task Scheduler ka nemi aikin da ke tashi a wannan tazarar. Idan sai an buɗe burauza ne, duba ƙarin manhajojin da aka liƙa mata. Idan sai an soka wani filashi ne, ka san mai laifi. Manhajar Autoruns ta Sysinternals tana tara duk waɗannan a allo ɗaya, kyauta ce daga Microsoft.

Daga nan ka shiga Scan options ka zaɓi na ƙasa, mai kalmar offline. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike kafin Windows ya farka, kimanin minti 15. Ka jona caji, ka adana aikinka. Idan faifanka na da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ka tabbatar lambar buɗewa tana hannunka kafin ka fara, don ana iya tambayarka. Idan wannan ya ƙi, sauke Microsoft Safety Scanner. Kwana 10 yake yi ya daina aiki, don haka tsohon da ke filashinka ba zai yi ba. Yana da wata ɗabi'a mai tayar da hankali: yana cikin bincike zai nuna ya ga fayiloli masu cuta, a ƙarshe ya ce babu komai. Na farkon zargi ne da yake tantancewa daga baya, sakamakon ƙarshe ne abin dogaro, kuma yana rubuta shi a C:\Windows\debug\msert.log.

Kada ka ɗora antibairos biyu masu tsaron nan-take a lokaci ɗaya. Ɗaya yakan kama ma'ajiyar ɗaya, rajista ta cika da kamun da ba su da tushe.

Mataki na 9: Yanke hukunci

Abin da aka kama a Downloads ko filashi ko ƙunshi, ba a buɗe ba, an killace, bai dawo ba: ka ci gaba da harkarka. PUA: cire manhajar ta Settings, ka duba burauza. PWS ko Backdoor ko TrojanSpy da aka samu a AppData ko yana kan aiki: ka ɗauka kalmomin sirrinka sun fita. Ka canza su daga waya ko wata kwamfutar, ka fara da imel don shi ne mabuɗin sauran, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ka kunna tabbaci mai hawa biyu. Ransom: zare intanet da duk faifan waje nan take, kada ka goge takardar neman fansar, da ita ake gane dangin. Virus irin Sality ko Ramnit da ya cika rajista da ɗaruruwan exe: a nan ne nake yarda da fomat. Ka kwashe hotuna da takardu, ka bar duk wani exe a baya, har da wanda kake ji da shi. Ramnit yana shiga fayilolin html ma.

Idan za ka kai wa mai gyara ko ka tura wa wani ya duba maka, ka haɗa masa hoton katin, da cikakken rubutun 1116 da 1117, da abin da kake yi a daidai lokacin. Ka rufe sunanka da ke cikin adireshin kafin ka tura a taron jama'a. Mai son gwada hannunsa ba tare da haɗari ba kuma zai iya sauke fayil ɗin gwaji na EICAR, ɗan rubutu ne mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, an yi shi ne don antibairos ya kama. Defender zai rubuta shi da sunan Virus:DOS/EICAR_Test_File, sai ka bi shi daga kati zuwa Event Viewer ka nemo 1116 ɗinsa da 1117.